Yadda ake tattara tarihin uba mai sana'ar hannu bayan rasuwarsa

Mahaifina maƙerin baƙi ne a Argungu. Kusan shekara hamsin yana ƙera lauje da kalme da gatari, kuma bai taɓa cika wata takarda a kan kansa ba in ban da ta katin zaɓe da ta tafiya Hajji. Da Allah ya karɓi abinsa, shekara uku ke nan, sai muka ga duk abin da ya bari a rubuce bai cika tafin hannu ba. Sarakunan Kabi suna da maroƙa da marubuta, ga kuma Gidan Tarihi na Kanta da aka buɗe tun 1958 a tsohuwar fada. Maƙeri kuwa sai ɗansa. Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, ban gaji ƙira ba, shi ya sa 'yan'uwa suka ɗora mini aikin haɗa labarinsa saboda jikoki. Shekara guda na yi ina fama. Abin da zan faɗa a nan na mai uba irin nawa ne, ko kafinta ne, ko tela, ko magini, ko majemi, ko masassaƙin jirgi, ko bakanike.

Ka fara da bashi. Wajibi ne tun farko, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa, kuma ba a taɓa gado sai an fitar da bashi da wasiyya. Sanarwar da ake yi a wurin jana'iza cewa mai bin mamaci bashi ya ga wane ba ta wadatar wa mai sana'a. Mutane da yawa suna jin nauyi, wasu kuma suna ƙauye, labarin bai ma kai musu ba. Kuma bashin mai sana'a ba kuɗi kaɗai ba ne. Akwai mai gawayi da mai tsohon ƙarfe da suke binsa. Akwai manomin da ya ba da kafin alƙalami tun bazara yana jiran garmarsa. Akwai kayan gyara da mutane suka kawo suka bari, waɗannan amana ce, ba su shiga gado ko kusa.

Kada ka bari a share wurin aikin, ko a yi masa yaɓe, ko a ce yara su kintsa shi saboda masu gaisuwa. Littafin bashin Baba bangon maƙera ne. Yana rubuta sunan mutum da ajami da gawayi, ya ja zane a gabansa, zane ɗaya lauje ɗaya, in an zo an karɓa ya gitta masa wani. Ni da na yi shekaru ina shiga wurin ban taɓa ɗaukar zanen nan a bakin komai ba. Babban yaron maƙerarsa, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana masa zuga, shi ya tare ƙannena da tsintsiya a bakin ƙofa. Ka ɗauki hoton kowane bango da kowace kusurwa tun ba a matsar da ko allura ba, sannan ka zaunar da wanda ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin mamacin ya karanta maka. In tela ne, duba littafin awo da ƙyallayen da aka maƙala wa suna. In kafinta ne, duba bayan ƙofa da jikin katako.

Ka sayi littafi mai kauri ka raba shi biyu. Shafin dama na lissafi: wane ne, nawa ne, an biya ko ba a biya ba, wa ya shaida. Shafin hagu na magana. Na yi haka ne don na lura duk wanda ya zo karɓar haƙƙinsa ko biyan abin da ake binsa ba ya tashi sai ya ba da labari. Wani dattijo daga wajen Augie ya kawo kuɗin lauje huɗu, ya ce tun ambaliyar 2020, da ruwa ya cinye masa shinkafa, Baba ya ce ya riƙe sai ya farfaɗo, kuma bai sake tayar masa da zancen ba. Mun duba bango, sunansa yana nan amma an goge zanen da yatsa. Babban yaron ya ce haka Baba yake yi in ya yafe. Muka mayar wa dattijon kuɗinsa. Ka rubuta irin wannan a daren, kada ka kwana da shi a ka.

Sai kayan aiki. A nan gidaje da yawa suke yin asarar da ba ta gyaruwa. Uwar maƙera, masaba, awartaki, kurfi, magagari, duk dukiyar magada ce, mata da maza, har da rabon tumuni na matan mamaci. Ba daidai ba ne babban ɗa ya kwashe su don shi ne ya iya sana'ar, kuma ba daidai ba ne a raba su ɗaya-ɗaya, wannan ya tafi da guduma wancan da awartaki, kowa ya jefa ƙarƙashin gado. Mafi muni a kira 'yan gwangwan su ɗora uwar maƙera a sikeli su saye ta a kilo. Ka kira mutum biyu daga cikin masu sana'ar su yi wa kowane abu kuɗi a gaban malamin da zai raba gado. Mu Sarkin Maƙera muka roƙa ya turo mana. Daga nan wanda zai ci gaba da aikin ya saya daga hannun magada, ko a cire daga rabonsa. Baligi yana iya yafe nasa in ya ga dama. Rabon maraya ƙarami kuwa babu mai ikon yafe shi, sai an biya. A gidanmu ba wanda ya gaji ƙira sosai, don haka muka haɗa kuɗi mu huɗu muka saye kayan, muka damƙa wa babban yaron aro, da takarda da shaidu.

Kafin kayan su bar hannunka, ka shimfiɗa tabarma ka jera su, ka ɗauki hoton kowanne shi kaɗai, ka tambayi sunansa da aikinsa da inda aka samo shi. Akwai masabar da ta fito daga hannun kakanmu. Akwai awartaki mai lanƙwasasshen baki da Baba ya ƙera wa kansa don kama lauje kawai. Abin da ba ƙarfe ba kuma ka fitar da shi da wuri. Zuga-zuginsa na fatar akuya, wanda ya ajiye tun da aka koma hura wuta da fanka mai ƙafar keke, mun bar shi rataye a ɗaki rufe har damina ta wuce. Da muka buɗe, ɓeraye da danshi sun gama da shi. Har yau abin yana ci mini rai.

Game da iyaye mata, ka yi haƙuri. Kada ka shiga wurin mai takaba da waya a hannu kana jero tambayoyi. Wata huɗu da kwana goma ba su da yawa. Ko bayan an fita, akwai abin da uwa ba za ta faɗa wa ɗa namiji ba, balle ɗan fari da ko sunansa ba ta kira. Ƙanwata na tura, ta riƙa zama da Inna da abokiyar zamanta lokacin tsintar shinkafa, hira tana jan hira. Abin da ta dawo da shi ya nuna mini wani mutum daban da wanda na sani a maƙera. Ashe duk 'yar da zai aurar, da kansa yake ƙera mata murhu da wuƙar girki, cikin dare bayan ya sallami yara, kuma ba ya yarda kowa ya taya shi. Ashe ran kasuwa ba ya shiga gida da tsaraba sai ya tsaya a zaure ya raba ta biyu daidai, ɗaki da ɗaki, ko da ƙuli-ƙuli ne. Ashe shekarar da aka kai ni makarantar kwana, saniyar da aka ce ta yi ciwo an sayar lafiyarta lau. In gidanku ɗaki biyu ne ko uku, ka tabbata an ji daga kowane ɗaki, kuma an ba kowanne lokaci daidai. In ka ɗauki na uwarka kaɗai, abin da ka rubuta zai zama abin rigima maimakon abin tunawa.

Tsofaffin abokansa kuwa kada ka jinkirta musu ko mako guda. Ka rubuta sunayensu, ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya, ba wanda ya fi kusa da gida ba. Akwai amininsa a Gulma, tare suka yi koyon ƙira suna yara. Na ce sai an gama yankan shinkafa hanya ta yi kyau in je. Kafin a gama aka aiko da rasuwarsa. Duk abin da ya shafi ƙuruciyar Baba a gidan maigidansu ya tafi da shi, ba wanda ya rage da ya gani da idonsa.

In za ka je, ka tafi da goro ko sukari ko turmin atamfa gwargwadon ƙarfinka, kuma ka je a matsayin ɗa mai gaisuwa. Ya zo a hadisi cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sada zumunci da waɗanda mahaifinsa yake ƙauna bayan ya rasu, don haka ziyarar ita kanta ibada ce ko ba ka samo komai ba. Kada ka ce wa tsoho, "Baba, ba ni tarihin mahaifina." Zai ce maka mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, magana ta ƙare. Ka tambayi ƙaramin abu. Ina kuka fara haɗuwa? Wa ya koya masa? Nawa ake sayar da lauje lokacin? Da me kuke zuwa kasuwar Kangiwa, da jaki ko da mota? Ya taɓa ɓata maka rai? In ya yi shiru, ka bar shi da shirunsa, kada ka cike masa. Mafi yawan abin da na samu mai daraja bayan irin wannan shirun ya fito. Ka tafi da wani abu na mamacin a hannu. Na lura in na miƙa wa tsoho awartakin nan ya juya shi, bakinsa yakan buɗe fiye da in na yi tambaya goma.

Shekaru su ne wurin wahala, don tsofaffinmu ba da lamba suke lissafi ba, da abin da ya faru suke yi. Ka rubuta wa kanka ma'auni a bangon littafinka: 'yancin kai 1960, kisan Sardauna 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙi ta hannun dama 1972, kisan Murtala da fara karatun firamare kyauta 1976, ƙirƙiro Jihar Kebbi 1991, Zamfara 1996, manyan ambaliyar 2010 da 2020. Ka ƙara da na garinku, kamar naɗin sarki ko gobarar kasuwa ko zuwan kwalta. In tsoho ya ce "shekarar kaza", sai ka tambaye shi kafin wane abu ne, bayan wane abu ne.

Amma ka yi hattara da abin da ya faru sau biyu. Gwaggo da Kawu duk sun ce Baba ya kafa maƙerarsa ta kansa a shekarar canjin kuɗi. To wanne? An bar fam da sule an koma naira da kwabo a 1973, an kuma canja launin takardun kuɗi a 1984 zamanin mulkin soja na Buhari. Na ce ko an yi fari a shekarar, suka ce ƙwarai an yi. Wannan bai raba gardama ba, don duka shekarun biyu an sha fari a ƙasar nan. Azumi ne ya warware. Watan Ramadan yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara, sai ya yi wajen shekara talatin da uku kafin ya dawo inda ya taso. Na ce, "Gwaggo, azumin shekarar a wane lokaci ya faɗo?" Ta ce ana cikin girbin gero, ta tuna don da ƙishirwa suka yi ta ɗaukar ɗan abin da aka samu. Azumin 1973 ya kama daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, na 1984 kuwa a watan Yuni ya faɗo, farkon damina. Sai na rubuta 1973 da natsuwa. Duk inda ka kasa warwarewa, ka rubuta "tsakanin kaza da kaza", ka sa sunan wanda ya faɗa. Kada ka ƙirƙiro shekara don shafi ya yi kyau, jikoki za su ɗauke ta gaskiya.

Bayan haka ka fita neman aikinsa inda yake. Kusan kowane mai sana'a yana da alamar hannu, ko ya sani ko bai sani ba: yadda tela yake ƙare bakin aljihu, yadda magini yake fitar da zanko. Baba yana buga ɗigo uku a gindin ruwan lauje, dab da ƙota. Lokacin yankan shinkafa na bi fadama da babur, daga bakin kogin Matan Fada har ƙauyukan da ke gaba, ina roƙon mutane su nuna mini laujensu. Wani manomi ya zaro nasa daga damin shinkafa, haƙoran sun kusa shafewa, an sake masa ƙota ba adadi. Ya ce, "Wanga lauje aikin tsohonka na. Shi yaƙ ƙera mani shi da sifirin na mota, tun ɗiyana na ƙanana." Na ce ya sayar mini, ya ce a'a, sai dai in ya mutu in zo in karɓa wurin ɗansa. Kada ka matsa wa mutum ya rabu da abin da yake ci da shi. Hoto da sunan ƙauye da maganarsa sun ishe ka. Wasu kuma da kansu za su ba ka. Yanzu ina da kalme biyu da gizago ɗaya da aka ba ni kyauta.

Maganar manomin nan yadda ya faɗe ta na rubuta, kuma haka nake ba ka shawara. In tsoho ya ce "awo", kada ka mayar da ita "e". In ya ce "shina nan", ka bar ta haka. Mahaifinka da Kabanci ko Zamfarci ya yi magana, in ka juye shi zuwa Hausar littafin makaranta jikokinsa za su karanta wani baƙo.

Wajen ɗaukar murya, ka nemi izini tukuna, wanda ya ƙi ka rubuta da hannu. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, ka ajiye ta kusa da mai magana, nesa da janareta da injin niƙa. Ka fara da faɗin ranar da garin da sunan wanda kake hira da shi. A daren ka kwafe zuwa wuri biyu, katin memori da Google Drive ko wayar wani ɗan'uwa, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Hotunan da za ka tura ta WhatsApp ka tura su a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage musu kyau. Takardu na asali, irin su fasfon Hajji da rasit da wasiƙun ajami, a sa su cikin leda a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. In akwai wanda ba ya son a riƙa yawo da hoton mamaci a cikin dangi, a girmama shi, hoton kayan aiki da na aikin hannu ba mai ƙin su.

Rubutun kansa kada ya firgita ka. Nawa shafi goma sha biyu ne, na buga a shagon kwamfuta na yi kwafi talatin. Na bi shi daga asali da koyon sana'a zuwa aure da 'ya'ya da yaran da ya yaye, na sa sunan kowane yaro da garin da ya kafa tasa maƙerar, su tara. An hana mu zagin matattu, don haka abin da zai tona asiri ko ya tayar da tsohuwar gaba ka bar shi a cikinka. Amma kada ka mayar da shi waliyyi. Baba yana da zafi a kan aiki. Ya taɓa mayar da lauje ashirin cikin wuta a gaban mai su don yaro ya yi gaggawa wajen fitar da haƙora, ya hana yaron taɓa masaba wata guda. Na rubuta wannan, kuma yaron, wanda yanzu yake da furfura, shi ya ce lallai in sa. Kafin ka buga, ka tara gida ka karanta da ƙarfi, iyaye mata suna ji daga bayan labule ko a tsakar gida. Mu mun yi washegarin Babbar Salla da kowa ya zo. An gyara mini wuri shida, aka ce in cire ɗaya, na cire.

Sadakar uku da bakwai da arba'in, kowane gida da abin da malamansa suka ɗora shi a kai, ba zan shiga nan ba. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne hadisin abubuwa ukun da ba sa yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Shawarata ka jira sai ka gama tattara labarin kafin ka zaɓi sadakar da za ka yi masa, don sau da yawa za ka tarar ya riga ya fara wata a ɓoye, kai dai ci gaba za ka yi. Mu mun yi niyyar haƙa rijiya, kuma mun haƙa daga baya. Amma a hirata da limamin unguwa ne ya ce mini, "Ɗana, ka san wa ke gyara kayan haƙan kabari na unguwar nan?" Ashe kowace shekara kafin ruwa ya sauka Baba yakan aika a kwaso diga da shebur da gatarin maƙabarta, ya wasa, ya sake ƙota, ya mayar, bai taɓa karɓar ko kwabo ba, kuma ya hana a faɗa. Ko Inna ba ta sani ba.

Yanzu duk ƙarshen bazara nakan aika wa babban yaron kuɗin buhun gawayi biyu da na ƙota. Yakan tura yara da baro su kwaso kayan, ya yi musu kwana biyu a kan uwar maƙerar Baba. Bana na zo daga Birnin Kebbi na zauna na ga aikin, na riƙe masa awartaki. A jikin tsohuwar digar, dab da inda ƙota take shiga, ɗigo ukun suna nan.